Injin kaftu: tsoho ko sabo? Abin da masu garka suka ce a Damagaram

A wata hira da masu garka suka yi kan sayen injin kaftu, tsoho ko sabo, maganar ta fi zafi a kan tsofaffin injuna. Masu noman rani daga wajen Mirriya da Gidimuni sun ce tsohon Honda ƙarfensa mai kauri ne, nauyinsa kuma shi ke sa haƙoransa su nutse cikin lakar fadama, inda sabon ɗan China mara nauyi yakan yi ta tsalle. Sai dai kafin ka biya kuɗin tsoho, ka tayar da shi da sanyin safiya. In ya yi shuɗin hayaƙi, baƙin mai yake sha, ka bar wa mai shi kayansa.

Masu goyon bayan sabo hujjarsu ɗaya ce, kuma a ganina mai ƙarfi: kayan gyaransa na zuwa daga Kano, kowane makaniki ya san cikinsa.

Batun kula kuwa babu gardama. Ƙurar hunturu ce ke kashe inji, don haka a riƙa kakkaɓe matatar iska kowace yamma. Sabo a sauya masa baƙin mai bayan awa 20 na farko. In aiki ya ƙare a tsiyaye fetur, kar ya kwana watanni ya toshe kafireta, a cire buji a goge.