Cincin da biskit na Sallah ba madara, don Allah a taimaka

Maman Hafsa, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sallah saura kwana 9. Autana ɗan shekara 4 jikinsa ba ya karɓar madarar shanu, ko lasa ya yi sai ƙuraje su feso masa, wani sa'in har da amai. Bara na yi cincin yadda na saba, da madarar gari da bota, na ɗora bokitin can saman kwaba. Ashe yaron ya taka turmi ya ɗiba. Mutane na filin Idi, mu muna asibiti. Bana so nake in yi abin da kowa zai sa hannu a bokiti ɗaya, ba sai ina gadi ba. Jiya na gwada biskit da man gyaɗa zalla, ya baje a faranti, ƙasan kuma ya ƙone.

Anti Kulu, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, mai ne ya yi yawa. Bota akwai ruwa a cikinta, saboda haka inda aka ce cokali 4 na bota, ki sa 3 na man gyaɗa. Amma me ya kai ki neman wahala ga gireba? Ita dama ba ruwanta da madara. Fulawa gwangwani 4, sukari gwangwani 1, ɗan bekin foda, ki riƙa zuba mai kina murzawa har in kin damƙa ya tsaya. Ki dunƙula ƙanana, ki barbaɗa riɗi. Ni a tukunya nake gasawa: yashi a ƙasa, garwashi kaɗan a gindi, mafi yawa bisa murfi. Ƙonewar taki wutar ƙasa ce.

Ummu Sadik, Argungu:
Allah ya ba yaro lafiya. Cincin kam ki kwaɓa da ruwan aya ko madarar waken suya, ƙwai kuma ba ya cikin dangin madara. Sai dai ki lura da majarin, wato botar shafa burodi ta roba, wasu akwai madara ciki. Ki karanta jikin robar kafin ki saya.

Maman Hafsa, Gusau:
Anti Kulu, Allah ya saka da alheri! Girebar ta yi, tana narkewa a baki. Guda 30 na gasa na gwaji, maigida da ƙannensa sun bar mini 7. Gobe zan jiƙa aya.