Kyamarar Olympus Trip 35 da ba ta da gurbin batir

Sabon Ɗalibi: Assalamu alaikum. Na gaji wata kyamarar fim daga wurin kawuna, Olympus Trip 35, na juya ta ko'ina ban ga gurbin batir ba. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda take auna haske da kanta.

Tsohon Mai Hoto: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka dubi zoben nan mai ƙwayoyi kamar saƙar zuma da ya kewaye gilashin gaba. A bayansa akwai sinadarin siliniyam, wanda ke mayar da haske ɗan ƙaramin lantarki, kuma da wannan lantarkin kyamarar ke zaɓar faɗin ƙofar haske da ɗaya daga cikin saurinta biyu, 1/40 ko 1/200 na daƙiƙa. Naka aikin shi ne ka juya zoben saita ƙofar haske zuwa harafin A, ka saita ƙarfin fim ɗinka, wato yadda yake saurin kama haske. Idan haske ya yi ƙaranci, wata jar alama za ta ɗago a madubin leƙawa, maɓallin ɗaukar hoto kuma ya ƙi dannuwa, don kada ka yi asarar fim. A ganina wannan dabara ce ta fi komai kyau a jikinta.

Mai Gyara: Malam ya yi bayani. Abin lura shi ne siliniyam yana raunana da tsufa. Ka rufe gilashin da tafin hannunka ka danna. In jar alamar ta fito, sannan a cikin haske sosai maɓallin ya dannu ba tare da ta fito ba, ma'aunin hasken yana raye. Ka riƙa ajiye ta da murfinta.

Sabon Ɗalibi: Na gwada yanzu, ta fito. Na gode ƙwarai, Baba.