Abin da aka ce kan yaron da ke son ƙwallo ta zama sana'arsa

Jama'a, zancen ya yi tsawo. Ga abin da na tsinta daga bakinku kan ƙanen ɗan'uwanmu na Ƙofar Marusa a Katsina, da aka nemi shawara kan yadda zai mayar da ƙwallo sana'a.

1. Kusan kowa ya ce ya fara daga gida, ya nemi gwaji a Katsina United, ƙafarsa ta saba da filin Karkanda. An kawo misalin Ahmed Musa: sai da ya yi fice a Kano Pillars kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010.

2. Batun dillalai ya fi zafi. Duk wanda ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗin biza, a guje shi. Dokar FIFA ma ta hana kai yaro ƙungiyar waje kafin ya cika 18, sai da ƙwararan dalilai. Wannan ya sosa mini rai, don na san gidan da dillali ya sa suka sayar da gona haka.

3. Kada a rage masa shekaru. Ana gwajin MRI, wato ɗaukar hoton ƙashi, a wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17.

4. Makaranta ce ta raba kawuna. Wasu sun ce ya gama sakandare tukuna, tunda rauni ɗaya a gwiwa kan kashe sana'ar. Wasu suka ce ƙuruciya ba ta jira. Ni dai ina bayan na farkon.