Me za mu kira "carbon credit" da Hausa?

Jama'a, a taimaka. Jiya na ji an fassara shi da "bashin kabon" a wani shirin rediyo, sai da na ajiye kofin shayina. Babu bashi a ciki ko na sisin kwabo. "Kiredit" kuma, ka faɗa wa mutumin gari, katin waya zai miƙo maka.

Ga yadda cinikin yake. Kamfanin jiragen sama a Turai yana fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wani a can nesa ya ce ya hana saran daji, ko ya raba wa mata murhu mai tsimin itace. A lissafa, duk tan ɗaya na hayaƙin da aka ce an rage a ba shi takarda ɗaya. Kamfanin ya saya, ya ce ya goge tan ɗaya daga nasa. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sauyin yanayi, ita ce ta buɗe wannan ƙofa.

Wata 'yar'uwa ta kawo "kaffarar hayaƙi". Ya zauna a baki, amma kaffara da nadama take tafiya, shi kuwa mai sayen gobe da asuba zai sake tada jirginsa.

Ni dai na tsaya a kan "shaidar rage hayaƙi". Ai magana ake sayarwa: "da ba don mu ba, da an sare dajin nan." Wa ya gani? Shaida kuwa akwai ta gaskiya, akwai ta zur. A Janairun 2023 binciken jaridun Guardian da Die Zeit ya ce sama da kashi 90 cikin 100 na takardun kare dazuzzuka da wata ƙungiya mai zaman kanta mai suna Verra ta tantance ba su rage hayaƙin da aka ce ba. Verra ta musanta. A aikin kare daji na Kariba da ke Zimbabwe ma, an kambama yawan dajin da aka ce za a rasa, aka yi ta sayar da takardu a kan wannan lissafi.

Ko murhun nan, leƙa madafa ka gani. Uwargida ta karɓi sabon, amma ranar suna murhun duwatsu uku za ta hura don babbar tukunya. Takarda kuwa an riga an sayar.

Kar a haɗa wannan ciniki da tsarin Tarayyar Turai da aka fara a 2005, inda hukuma ke ƙayyade hayaƙin masana'antu. Wancan "izinin fitar da hayaƙi" ya dace da shi. Malamai, wa ke da gyara?