Kainuwa ta kashe min bado da kifi, wa zai ɗau alhaki?

Mai Sabon Tafki: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Wata uku ke nan da na haƙa ɗan tafki a lambuna, tsawo mita 3, faɗi mita 2, zurfin tsakiya santimita 60, na bar dakali a gefe mai zurfin santimita 20 saboda tsirran bakin ruwa. Na sa bado biyu a kwando da laka, na rufe samansu da tsakuwa. Sai wani a zauren nan, ya san kansa, ya ce in dasa kainuwa za ta tace min ruwan. Na dasa guda 5. Yau ko ruwan ba a gani, badon ya ruɓe, da asuba na tarar da kifina 4 ciki sama. Ni dai na ce kainuwa ba ta da gurbi a tafkin lambu, mai ba da wannan shawara kuma bai kyauta ba.

Baba Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Yaro, "dasa" na ji ka ce? Tun da nake ban taɓa jin an dasa kainuwa ba. Kainuwa dashen Allah ce, saiwarta ko ƙasa ba ta taɓawa. Me ka dasa ke nan?

Uwar Furanni: Baba ya gama magana. Jefa ta ake yi a ruwa.

Mai Kifin Ado: A'a Hajiya, duk tsiron da ka ciro daga wani wuri ka kai wani wuri don ya rayu, ai dashe ka yi. Dashen ƙoda da likitoci ke yi, a ƙasa ake binne ta?

Uwar Furanni: Kai kullum sai ka ja da Baba. Me ya haɗa ƙoda da kainuwa?

Mai Sabon Tafki: Jama'a, kifina ne suka mutu, ku kuna ta nahawu.

Ɗalibin Kimiyya: Yaya, ga abin da ya faru da kai. Kainuwa tana miƙa jijiya ta gefe tana haifar 'ya'ya, in ta samu zafi da ruwa mai taki sai ta rufe fuskar ruwa. Bado yana son rana ta kai awa 6, ita kuwa ta danne masa ganye. Da dare tsirrai ba sa fitar da iskar oksijin, shaƙa suke yi kamar kifin, rufin nan kuma ya hana iskar sama shiga ruwan. Shi ya sa da asuba ka gan su, lokacin ne iskar ta fi ƙaranci. Ganye kada ya rufe fiye da rabi zuwa kashi biyu cikin uku na fuskar tafki. Ka riƙa kwashe rarar da raga duk mako, ka sa irin tsirran da ke zama a nutse, su ne ke sakin iska a cikin ruwa da rana.

Baba Mai Lambu: Ɗan boko, duk wannan dogon karatu, dashe ne ko ba dashe ba?

Mai Kifin Ado: Ai ita ce ta toshe Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, masunta suka kasa fitar da jirage. Ita Baba yake karewa.

Ɗalibin Kimiyya: Ba ita ba ce, Malam. Waccan mai kumburarren kara ce da fure ruwan shuɗi-shuɗi, masana na kiranta Eichhornia crassipes, asalinta Kudancin Amurka. Tana iya ninka kanta cikin mako biyu, Tarayyar Turai ma ta hana sayar da ita tun 2016. Kainuwa kuwa Pistia stratiotes ce, ganyenta a buɗe yake mai gashi-gashi.

Mai Kifin Ado: Duk kanwar ja ce.

Uwar Furanni: An kama ka da ƙarya kana cewa kanwar ja. Ka ba Baba haƙuri kawai.

Mai Kifin Ado: Ƙarya? Hajiya, ki iya bakinki. Ba ke ce kika ce a sa famfon feshi a kan bado ba, alhali bado ba ya son ruwa mai motsi?

Uwar Furanni: A ɗaya gefen tafkin na ce a sa, koma ka karanta.

Maƙwabcin Wani: Ni tambayata, wa ya ce dole sai an tara ruwa a gida? Gonar sauro ce kawai. Ga yara ƙanana, ruwan da bai kai gwiwa ba ma yana iya cin yaro.

Ɗalibin Kimiyya: Maganar yara gaskiya ce, a kewaye tafkin ko a sa ragar ƙarfe. Sauro kuwa, kifi na cinye tsutsarsa. Amma akwai nau'in Mansonia da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwar kainuwa tana shan iska daga nan, ba ta ma fitowa sama.

Baba Mai Lambu: Shekaruna nawa da kainuwa, sauro bai taɓa kai ni asibiti ba.

Mai Sabon Tafki: To wanda ya ba ni shawarar ya yi shiru ke nan?

Shugaban Zaure: Masha Allah, an tattauna, bari in taƙaita in rufe. Na farko, dattawa sun tabbatar ba a dasa kainuwa, saboda haka wanda ya ce an sa shi dasawa bai fahimci shawarar da aka ba shi ba, ni "saka" na ce. Na biyu, ɗalibinmu ya wanke kainuwa daga zargin Tafkin Biktoriya, ya kuma nuna rashin kwashewa ne ya kashe kifin. Batun sauro ba shi muka zo yi ba. Mai Kifin Ado, a riƙa girmama na gaba. Duk mai son kainuwa ya yi min magana ta gefe, tawa ta yi yawa.