An rufe gidan tarihi don gyara, ina aka kai rigar kakana?

Jikar Soja ta rubuta:

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da rufe ƙaramin gidan tarihin da ke kusa da mu, an liƙa takarda a ƙofa cewa gyara za a yi na shekara ɗaya da rabi. Kullum ta gabansa nake wucewa in za ni aiki, amma har yau ban ga magini ko ɗaya ba, ban ji ƙarar guduma ba. Tagogi kawai aka toshe. Abin da ya hana hankalina kwanciya shi ne, bayan rasuwar mahaifina mun ba su rigar soja ta kakana, ta ulu, da wasiƙu 11 da ya rubuto gida lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A ɗaki na biyu take cikin akwatin gilashi, nakan kai yarana su gan ta. Don Allah wanda ya san aikin nan ya gaya mini, me suke yi a ciki? Kuma rigar tana ina yanzu?

Tsohon Ma'aikacin Adana Kaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki. Shekara 26 na yi ina wannan aiki kafin in yi ritaya, kuma shirun da kike ji shi ne ya kamata a ji. Da a makon farko kin ji guduma, da ni ma na tsorata, domin ƙura da girgizar gini su ne manyan abokan gābar tsofaffin kaya. Magini ba ya shiga sai ɗaki ya zama wayam.

Kwashe kayan ne ke cinye watanni. Abin da kike gani a akwatunan gilashi ɗan kaɗan ne daga abin da gidan ya mallaka, mafi yawa yana sito. Kowane abu, ko da allura ce, yana da lambarsa a rajista. Za a ɗauko shi, a gwada lambar da abin da ke rubuce, a ɗauki hotonsa, a rubuta halin da yake ciki: nan ya yage, nan maɓalli ya yi tsatsa. Sai an gama wannan a naɗe shi, a rubuta akwatin da ya shiga da kantar da aka ɗora akwatin. Akwai ranar da mu biyu muka wuni a kan abu tara kacal. Mutane suna raina aikin rajista, amma a 2023 babban Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ya bayyana cewa kaya wajen 2,000 sun ɓata ko an sace ko sun lalace, kuma da yawansu ba a taɓa yi musu cikakkiyar rajista ba. Abin da ba a rubuta ba, da me za ka shaida naka ne?

Rigar kakanki kuwa, tunda ulu ce, asu ne abin tsoro, kuma tsutsarsa ce ke ci. Idan an ga alamarsa, za a sa rigar a leda a liƙe, a saka a firiza mai sanyin digiri 30 ƙasa da sifili na kwana uku, sannan a bar sanyin ya sake ta a hankali ba tare da an buɗe ledar ba, don kada raɓa ta sauka a kanta. Daga nan a kwantar da ita a akwati, ba a rataye ta, a cusa takarda marar asid a hannuwa da kafaɗu yadda ninki ba zai karya zaren ba. Wasiƙun za a cire musu duk wani fil ko ƙarfen maƙalawa saboda tsatsa. Ɗakin ajiyar ana riƙe danshinsa tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. In ya wuce 70, funfuna ta samu gida.

Zan gaya miki abin da har yau nake gaskatawa: wannan hutun alheri ne ga rigar. Haske yana cin launin tufa da tawada, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Shi ya sa ake rage wutar ɗakin tufafi da takardu har ya yi duhu-duhu. Yanzu tana kwance cikin duhu, ta huta.

Malamar Aji Shida ta amsa:

Baba, Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Amma ni shekara ɗaya da rabin ce ban yarda da ita ba. Tsohon gini sai an fasa bango ake sanin ciwonsa. Gidan tarihin Rijksmuseum na Amstadam a ƙasar Holan an rufe babban gininsa a 2003, bai buɗe ba sai 2013, har da rigima kan hanyar masu keke da ta ratsa ta ƙarƙashinsa. Sai dai su sun bar ɓangare guda a buɗe, manyan zane-zanensu na nan ana gani. Abin da ke damuna ke nan da ƙananan gidaje: su rufe ƙofa su yi gum. Ɗalibaina na bana za su gama firamare ba su taɓa shiga ba. Me zai hana a zagaya makarantu da akwati ɗaya na kayan da yara za su iya taɓawa?

Tsohon Ma'aikacin Adana Kaya ya sake amsawa:

Malama, kin yi gaskiya, kuma gidaje da dama suna yin hakan in an roƙa. Ki rubuta musu da sunan makaranta. Ke kuma 'yata, ranar da kuka ba da rigar tabbas an sa hannu a wata takarda. Nemo ta, akwai lamba a jiki. Ki aika wa mai kula da kayan gidan wannan lamba, ki tambayi inda rigar take da ko za ta koma akwatin gilashi bayan gyara, don sau da yawa ana sauya tsari, wasu kayan su zauna a sito.

Jikar Soja ta amsa:

Baba, na gode ƙwarai. Daren jiya na zazzage jakar takardun mahaifina, na same ta, da sa hannunsa da lambar a saman kusurwa. Na jima ina kallon rubutunsa kafin in iya ninke ta. Da safen nan na aika musu saƙo, na kuma roƙi a ba ni hoton wasiƙun, domin ƙaramin ɗana bai kai karatu ba lokacin da aka rufe, yanzu kuwa ya iya.