Mawaƙin rok ya ajiye makaɗa ya rungumi jita shi kaɗai: gajiya ce ko gwaninta?

Baban Ummi: Ni dai ina nan kan bakana. Duk mawaƙin rok da ka ga ya sallami makaɗansa ya koma waƙar fok da jitar katako, ƙarfi ne ya ƙare. Ku dubi Neil Young. Ciwon baya ne ya hana shi tsayuwa da jitar lantarki, shi ya sa kundin Harvest na 1972 ya fito a sanyaye.

Maman Haidar: Baban Ummi, batun ciwon bayan gaskiya ne, amma mutum ɗaya ba ya zama hujja a kan kowa. Bruce Springsteen fa? A 1980 kundinsa The River ya hau na ɗaya a Amurka. A Janairun 1982, yana da shekara 32, ya zauna a ɗakinsa a Colts Neck ta jihar New Jersey ya ɗauki yawancin waƙoƙin kundinsa Nebraska shi kaɗai. A 1984 kuma ya dawo da makaɗansa, a 1985 suka cika filayen ƙwallo. Ina gajiyar a nan?

Abu Sadik: Bari in ƙara muku da kayan aikin. Rikoda ce ta kaset mai layi huɗu, Tascam 144, da makirufo biyu Shure SM57. Murya layi ɗaya, jita layi ɗaya, ragowar biyun na harmonika ko amshi ko mandolin. Kaset ɗin na gudun santimita 9.5 a daƙiƙa, ninki biyu na kaset ɗin gida. Daga nan aka tace ta na'urar amsa-kuwwa ta Echoplex zuwa rediyon kaset na Panasonic. Wahalar ta zo wajen yanka faifai: amon ya yi ta jirkicewa, sai da aka rage ƙarfin sautin sosai kafin ya zauna.

Baban Ummi: To Malam Abu, ai ka ba ni gaskiya. Gwaji ne ya ɗauka don ya koya wa makaɗa. Dace ne kawai, ba niyya ba.

Maman Haidar: Ɗaukar ce gwaji, fitarwar zaɓi ce. A Afrilun 1982 ya shiga situdiyon Power Station na New York da makaɗansa, E Street Band, suka gwada waƙoƙin. Wasu sun karɓi ganga, wasu sun ƙi. Waƙar da ke ba da labari da bakin Charles Starkweather, wanda ya yi kashe-kashe a Nebraska a 1958, in ka ɗora mata ganga da saksofon ta zama ta rawa, tsoron da ke cikinta ya tafi. Kuma a 1995 ya maimaita da gangan, ya zagaya ƙananan zaurukan kallo shi kaɗai yana roƙon mutane su yi shiru.

Ɗan Auta: Yaya Baban Ummi, a gafarce ni, amma sauƙin da kake hange babu shi. Ba mai ganga, ba mai bas, saboda haka babban yatsa ne zai riƙe kari a tsirkiyoyi uku masu kauri, sauran yatsu su ɗauki launin waƙar. Da ya yi gaggawa a amshi, kowa zai ji. Muryar da ta saba ihu a saman amfilifaya kuma, sai an sauke mata waƙa da mataki ɗaya ko biyu, in ba haka ba ta fito a tsawace. Makirufo ma, in ka sa shi a bakin ramin jitar sauti zai kumbura ya dushe. A karkata shi wajen gaɓa ta 12 a wuyan jitar, tazarar santimita 20 zuwa 30. Sannan murya na shiga makirufon jita, jita na shiga na murya, don haka kuskure ɗaya sai an sake daga farko. Baiti mara ƙwari kuwa ba shi da inda zai ɓuya.

Baban Ummi: Na yarda akwai aiki. Amma waƙa goma na Nebraska, kusan minti 40, duk tafiya ɗaya? Kunne yana gajiya, kuma yawancin masu kwaikwayonsa a nan suke faɗuwa.

Abu Sadik: Wannan kam ka taɓo wurin. Springsteen ma ai bai bar su bai ɗaya ba, a waƙar Open All Night jitar lantarki ya ɗauka ya ƙara gudu. Mai son bin hanyar ya matsar da kafo, wato matsewar da ake ɗaurawa a wuyan jita don ɗaga sauti, daga waƙa zuwa waƙa, ya sauya tsakanin kaɗawa da tsinken jita da tsintar tsirkiya da yatsu, kada kuma ya jera masu sanyi uku a matakin sauti ɗaya.